Baƙuwar da ta Sauka a Hannun Tasalla

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Illela ranar Lahadi ya san hannun Tasalla mai masa, ko da bai riƙe fuskarta ba. Rumfarta tana bakin layin 'yan albasa, inda warin albasa da ƙamshin man gyaɗa suke kokawa tun hantsi. Sauran masu masa da cokali suke juya tasu. Ita kuwa shekara uku ke nan da ta ajiye cokali. Yatsu biyu take zurawa cikin tanda, mai yana ƙuna, ta ɗago masa ta kifa ta, ta wuce ta gaba, bakinta yana hira da mai saye. Direbobin da suke tsallakowa daga Ƙonni har tsayawa suke yi kallo. Wani ya ce baiwa ce, wani ya ce an dafa ta tun tana ƙarama. Tasalla ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, don yabo yana da daɗi, kuma ita ma mutum ce.

Gaskiyar magana, ita kanta ba ta san ranar da abin ya fara ba. Wata rana dai cokali ya faɗi ƙasa, masa tana shirin ƙonewa, ta kai hannu, ba ta ji komai ba. Sai ta ɗauka shekara talatin a bakin wuta ce ta sa fatar ta yi kanta.

Tana da wata ɗabi'a da duk gidan suka sani. Bayan azahar takan jingina da darbejiyar tsakar gida, ido rabi a buɗe, ta tafi. Ba barci ba ne, ba kuma farke take ba. Marigayi mijinta Dabo yakan ce ita kaɗai ce a Illela take tsallaka iyaka kullum ba wanda ya tambaye ta takarda. A bazarar nan kuwa, duk inda ta tafi wuri ɗaya take sauka: ga kwano sabo, ga ruwa yana tururi kaɗan kaɗan, ga wani ɗan mutum mai santsi kwance a kan ƙafafunta, tana cuɗa shi tana tsokanarsa.

Dalili shi ne Mahbuba ta zo gida goyon ciki daga Ƙonni, inda take aure, cikinta wata bakwai. Mahbuba ita ce 'yar Tasalla ta fari, kuma kowa ya san dokar ɗan fari a gidajen da suka riƙe al'ada. Ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa gaban mutane, ba a kallonsa ido cikin ido. Tasalla ta riƙe wannan doka fiye ma da yadda aka ɗora mata. Ranar da ta haihu, uwarta ce ta yi wa jaririyar wanka, ita tana kallon bango. Da aka yaye yarinyar aka kai ta Kalmalo wurin kaka, can ta girma a bakin tafki. Shekara ashirin da uku sunan bai taɓa fita daga bakin Tasalla ba. “Yarinyag ga” take cewa, ko kuwa “ke”. Tana son 'yar nan so mai ciwo, ta rasa inda za ta sauke shi.

Jika kuwa babu kunya tsakaninsa da kaka. Shi za ta ɗauka gaban kowa, ta shinshine shi, ta zage shi da wasa. Kuma a gidansu kaka ce take wankan farko, ita take sirka ruwa da hannunta, yadda uwarta ta koya mata: a tsoma hannu har wuyansa, a yi bisimilla sau uku a hankali, in hannu ya zauna lafiya har ta uku, ruwa ya yi. Tasalla ta riga ta sayi kwanon, fari mai jan baki, da sabulun salo da ɗan tawul, ta ɗora su bisa kabad tana leƙa su kullum.

Wata Alhamis da la'asar ta lura ƙafafun Mahbuba sun kumbura. Ta ɗora ruwa, ta juye a roba, ta sirka, ta tsoma hannu. Bisimilla uku suka wuce lafiya lau.

“Ke, sa ƙahwa. Ya yi.”

Mahbuba ta zura ƙafar hagu. Nan take ta fizge ta, ta toshe baki da mayafi, ba ta yi ƙara ba. Fatar ta yi jawur har idon sawu.

“Ba komi, Inna,” in ji ta, hawaye yana zubowa. “Ƙahwata ta ba ta son ɗumi.”

Tasalla ta durƙusa ta sake tsoma hannun. Tururi ya bugi fuskarta, fuskar ta ce mata wuta ce. Hannun kuwa yana kwance cikin ruwan hankalinsa kwance, kamar a randa aka sa shi. Ta daɗe a haka tana kallonsa. Sai idonta ya kai ƙofar ɗaki, can bisa kabad inda jan bakin kwanon yake leƙowa. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, don ta hango jaririn da zai shiga irin ruwan nan bayan wata biyu.

Ranar Asabar Safiyya ta zo daga Sakkwato. Ɗiyar Junaidu ce, ƙanen Tasalla, tana aiki a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti, kuma tun tana ƙarama ba ta iya ganin abu ta yi shiru ba. Ta ga bororon da ya tashi a ƙafar Mahbuba, ta wanke ta ɗaure, ta yi tambaya ɗaya aka ba ta rabin amsa. Sai ta zo ta zauna kusa da gwaggonta a gindin darbejiya, ta kama hannunta kamar mai shirin sa mata lalle.

“Gwaggo, wanga tabon hwa?”

“Tanda ta.”

“Wanga kuma?”

“Ita ta dai. Ke, sakam mini hannu, ba na sayarwa ba na.”

Safiyya ba ta saki ba. Ta ɗaga hannun riga, ta ga wani fili a damtse wanda ya fi sauran jiki haske, ba gashi, ba gumi. Ta tashi ta kawo kofi biyu, ɗaya da shayi mai ɗumi, ɗaya da ruwan randa.

“Ruhe ido, Gwaggo. In na taɓa ki, ki hwaɗa mini wane na.”

Tasalla ta rufe ido tana dariyar ƙarfin hali. Aka taɓa kuncinta, ta faɗa daidai. Aka taɓa wuyanta, ta faɗa daidai. Daga nan ta yi ta jira.

“To, taɓa mana.”

“Na taɓa, Gwaggo. Shina bisa hannunki tun ɗazu.”

Ranar Litinin suka shiga mota zuwa Sakkwato. Likita ya duba ta, ya murza wata jijiya a gwiwar hannunta wadda ta yi kauri kamar igiyar guga, aka ɗan tsaga fatar kunnenta da gefen farin filin nan aka shafa a gilashi. Da sakamako ya fito, Safiyya ce ta roƙi a bar ta ta faɗa mata da kanta.

“Kuturta ta, Gwaggo.”

Tasalla ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, wanda babu abin da ya same shi. Kalmar ta fi ƙarfin kunnenta. Ta duba yatsunta goma, suna nan cif.

“Suna nan, kuma nan za su zauna in Allah ya so,” in ji Safiyya. “Akwai magani, kyauta aka ba da shi, shekara guda za ki sha. Da kin hwara sha, ba ki iya sa ma kowa. Taho ki ga abin da idonki, kada ki riƙa jin tsoron abin da ba ki sani ba.”

Ta kai ta gaban madubin likita mai girmama ƙananan abubuwa, ta nuna mata yadda ake kanga ido. Da farko Tasalla ba ta ga komai ba sai gashin idonta. Can sai wani fili shuɗi ya buɗe, zagayayye kamar wata, a cikinsa ga wasu 'yan jajayen tsinkaye, wasu a warwatse, wasu a ɗaure dami dami. Sun yi kyau, abin haushi. Da a jikin atamfa ta gan su da ta saya.

“Waɗanga 'yan abubuwa?” ta ce. “Su sunka kashe mini hannu?”

“Ba su kashe ba. Shiga sunka yi.” Safiyya ta jawo kujera. “Jikin mutum duk 'yan ɗakuna na, ƙanana ƙwarai, ƙwayoyin halitta muka ce musu, kowace da aikinta. Jijiyad da ka kawo miki labarin zahi da sanyi, akwai waɗanda aikinsu kawai su naɗe ta, su ciyar da ita, su tsare ta. To wagga cuta ba ta tsayawa waje inda masu tsaron jiki za su gane ta. Cikin waɗanga masu naɗin taka shiga ta zauna. Ba ta gaugawa, sai ta yi sati biyu kahin ɗaya ta zama biyu. Ta sa mai ɗakin ta riƙa tara mata maiƙo tana ci. Masu bincike ma sun ga tana juya mai ɗakin, ta mai da ita kamar sabuwar haihuwa wadda ba ta san aikinta ba, har ta saki jijiyar ta tashi ta tahi wani wuri da cutar cikinta. Wataƙila ta hi shekara goma jikinki.”

“Shekara goma, ko sallama babu.”

“Ko sallama.”

“In an kore ta, masu ɗakin za su komo?”

“Wasu suna komowa, Gwaggo. Wasu ba su komowa. Ba ni yi miki ƙarya.”

A hanyar komawa zafi ya cika mota. Suna wuce Gwadabawa Tasalla ta jingina kai da gilashi, rumbunan albasa suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, sai ta tafi.

Ta ga kanta a wata doguwar hanya siririya da ta taso daga kan ɗan yatsa ta nufi kafaɗa. Gefen hanyar gidaje ne a jere, kowane gida da mace ɗaya zaune a ƙofa, ta naɗe rabonta na hanyar da farin zane, tana lallaɓa shi. In saƙo ya taso daga yatsa, wannan ta miƙa wa waccan, waccan ta miƙa wa ta gaba, kafin ƙiftawar ido ya isa. Sai ga wata baƙuwa 'yar firit cikin jan mayafi ta tsaya a gidan farko. Ba ta fasa ƙofa ba, ba ta ɗaga murya ba. Lungu kawai ta roƙa ta ɗan huta. Matar gidan ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo mata man shanu, baƙuwa ta ci ta yi shiru. Kwana ya yi kwana. Tasalla tana kallo furfurar matar gidan ta koma baƙa, tamojin fuskarta ya baje, ta zama budurwa, ta zama yarinya mai wasan ƙasa. Yarinyar ta dubi farin zanen da ke hannunta, ta rasa na mene ne. Sai ta warware shi daga hanyar, ta goya baƙuwar da shi, ta kama gabanta tana 'yar waƙa.

Haka gida na biyu, haka na uku. Can sai ga saƙo ya taso daga yatsa a guje, yana haki, yana cewa wuta, wuta. Ya buga ƙofar farko, ba kowa. Ya buga ta biyu, iska ce ta amsa. Ya zauna a bakin hanya yana ta faɗa a hankali, har ya gaji ya yi shiru. Tasalla ta so ta ji haushin yaran nan da suka bar aikinsu, ta kasa. Ta san yadda goyo yake sa mutum ya manta da komai. Ta farka a tashar Illela da jiƙaƙƙen kunci, Safiyya ta yi kamar ba ta gani ba.

Tasalla ta fara shan magani. Fitsarinta ya yi ja ranar farko, fatarta ta soma duhu, duk an gaya mata za a yi haka. Ta koma kasuwa da cokali mai dogon mariƙin itace, kuma kowace la'asar takan duba hannuwanta ciki da baya, ko ta ji rauni ba ta sani ba. Wani direba ya tambaye ta ina baiwar, ta ce ta koma wurin mai ita, ya karɓi masarsa ya ba na baya wuri.

A gida ne abin ya fi nauyi. Safiyya ta zaunar da Mahbuba ta yi mata bayani, ta duba jikinta tas ba ta ga komai ba, ta kuma rantse wa gwaggonta cewa ɗaukar jariri ba zai cuce shi ba. Duk da haka Tasalla ta ware kwanonta da kofinta ta kai bayan ɗaki. Da safe ta tarar da su cikin kwandon kwanukan gida, a wanke. Ta sake warewa. Ta sake tarar da su. Kwana tara suna wannan ita da Mahbuba, ba wadda ta ce wa wata uffan, har Tasalla ta gaji ta bari.

Amma maganar wanka ta yanke hukunci. Ta sauko da farin kwanon, ta aika wa maƙwabciyarta Hauwa'u ungozoma cewa in an sauka lafiya ita za ta yi. Safiyya ta ce ai tana iya gwada ruwa da wani wuri a jikinta. Tasalla ta ce jikin da ya yi mata ƙarya shekara uku tana tafa masa, ba za ta ba shi amanar ɗan mutane ba. Daga ranar, in ta jingina da darbejiya, kwanon yana zuwa, tururin yana zuwa, amma ƙafafunta babu kowa a kai. Wani lokaci takan hangi 'yan matan nan masu goyo can nesa a kan hanya, ɗaya ko biyu sun tsaya suna waiwaye, kamar an kira su ba su tabbata ba.

Ranar da aka yi ruwan farko na shekara, Mahbuba ta haifi namiji a asibiti da asuba, aka sallamo su da hantsi. Tsakar gida tana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Mata suka cika ɗaki da barka. Hauwa'u ta shigo da zanen aikinta a ɗaure, ta sa aka kawo tafasasshen ruwa da na randa da sabon kwano, ta miƙa hannu.

“Kawo shi nan, mai jego.”

Mahbuba tana zaune bakin gado, kanta a sunkuye, ta ƙara rungume ɗanta.

“Inna za ta yi mishi.”

“Innarki ta ce ni.”

“Na jiya. Inna za ta yi mishi.”

Tasalla tana tsaye a bakin ƙofa, ta ɓoye hannuwa cikin mayafi. Ta dubi tabon da ke ƙafar hagun yarinyar, wanda har yanzu bai gama baƙi ba. Wadda ta ƙona ce take miƙo mata ɗa. Ta ji kunya, ta ji daɗi, ta ji kamar ta gudu Kalmalo da ƙafa.

Ta shigo ta zauna a kujera 'yar tsugunne. Ta zuba ruwan zafi a kwano, ta bi shi da na randa, ta motsa. Hannunta ya nufi ruwan da kansa yadda ya saba, ta tsayar da shi a sama. Tururi yana tashi tsakanin yatsunta, ba su ce mata komai ba. Hauwa'u ta matso za ta taɓa, Tasalla ta girgiza kai. Akwai mata bakwai a ɗakin, kowace da hannu biyu masu lafiya, amma ɗaya take so.

“Mahbuba.”

Sunan ya fito a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Wata tsohuwa ta kama baki. Mahbuba ta ɗago kai a hankali, ba ta tabbata da ita ake ba.

“Mahbuba, taho ki ara mini hannunki.”

Aka karɓi jaririn, aka taimaka mata ta sauko ta zauna a tabarma. Tasalla ta kama wuyan hannun 'yarta, ta tsoma shi cikin ruwan tare da nata. Tunda ba ta da wata hanyar sanin gaskiyar ruwan, dole ta dubi fuskar. Ta yi bisimilla ta farko tana kallon goshin, ko zai tattare. Ta yi ta biyu tana kallon bakin. Ashe yarinyar tana da ɗan tabo ƙarƙashin ido na dama, ashe girar Dabo ce da ita sak. Shekara ashirin da uku, yau ta gani. Ta uku ta daɗe ba ta fito ba.

“Ya yi, Inna,” in ji Mahbuba, ita ma ba ta kau da ido ba. “Ya yi daidai.”

“Kada ki ce mini ba komi irin na rannan.”

“Wallahi ya yi.”

Tasalla ta miƙe ƙafafu, aka kwantar mata da shi a kai. Ta ɗebo ruwa da tafin hannu ta zuba masa a ciki, ya ware 'yan yatsu ya tsala kuka.

“Kai, rufa mana baki, angon banza,” ta ce. “Ka zo gidan mutane ba ko goro, kana yi muna tsiwa.”

Mata suka yi dariya, ɗakin ya saki. Ta shafa sabulu, ta cuɗa bayan kunne da matsematsin wuya da tsakanin yatsun ƙafa, a hankali, idonta yana yin aikin da fata ta bari. Ɗumin jikinsa bai iso gare ta ba, santsinsa ma bai iso ba. Amma da ta ɗago shi ta juya, nauyinsa ya sauka a damtsenta, ya bi ta kafaɗa, ya isa inda ya kamata ya isa.

Ruwa ya fara hucewa, ko kuwa bai fara ba, ita dai ba ta sani ba. Ba ta waiwayi kowa ba.

“Mahbuba, taɓa mini kuma.”